Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: 'Yar Rawa a Ƙagaggun Labarai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan kura a bakin kasuwa ya san inda Hausawa suka samo karin maganar nan da ke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kurar ce aka sa wa takunkumi, ita ake ja da sarƙa, ita kulki ke sauka a kanta in ta yi gardama. Kuɗin da 'yan kallo suka jefa kuwa aljihun gardi suke faɗawa. Da taro ya watse ba wanda ke tambayar inda kura ta kwana, balle abin da ta ci.

Akwai wani rukuni na ƙagaggun labarai a adabin duniya wanda wannan karin magana ya dace da shi fiye da kowane dogon sharhi. Su ne littattafan da aka gina a kan rayuwar 'yan rawa da zabiyoyi da 'yan matan gidajen wasa, watau matan da abincinsu ya rataya ga a kalle su. An rubuta irinsu da Faransanci da Ingilishi da Urdu da Larabci, tun daga ƙarni na 19 har zuwa yau. Yawancin masu karatu sukan ɗauke su a matsayin gargaɗi ga 'ya'ya mata: ga wadda ta bi kiɗa, ga kuma yadda ta ƙare. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, irin wannan karatu ragon karatu ne, kuma akwai rashin adalci a cikinsa. Tambayoyi biyu ya kamata a auna littafi irin wannan da su. Ta farko, shin marubucin ya lissafa abin da sana'ar ta ci wa mai yin ta, daga lafiyar jiki zuwa mutunci da zumunci? Ta biyu, shin ya nuna hannun da ya karɓi kuɗin? Littafin da ya tsaya ga kura ya manta da gardi rabin labari ya ba da, ko da kuwa ya kai shafi 500.

Nana, wadda aka sayar sau biyu

Ba yadda za a yi zancen wannan jigo a tsallake Nana, littafin da Emil Zola na Faransa ya wallafa a 1880. Labarin ya buɗe ne a birnin Faris a 1867, shekarar da aka yi babban baje kolin duniya a can. Nana yarinya ce 'yar shekara 18, uwarta mai wankau, ubanta mashayi. An ɗora ta a kan dandamali a matsayin tauraruwar wani wasan waƙe-waƙe, alhali ba ta da murya, ba ta kuma iya wasan ba. Mai gidan wasan ya san da haka. Shi da kansa ba ya so a kira wurin nasa gidan wasa. Gidan karuwai ya fi so a ce. Abin da ya sa a kasuwa jikin yarinyar ne, kuma da ta fito kusan tsirara a kashi na uku na wasan, sai masu yi mata dariya suka yi tsit. Daga wannan dare manyan gari suka shiga layi. Akwai mai banki, akwai masu sarauta, akwai hafsan soja, har da ɗan makaranta. Wani ya tsiyace, wani ya shiga kurkuku saboda ya taɓa kuɗin soja, wani ya cinna wa kansa wuta a bargar dawakinsa. A ƙarshe Nana ta kamu da agana, ta mutu a ɗakin wani otal a watan Yuli na 1870, daidai lokacin da jama'a ke ihun yaƙi da Jamusawa a kan titi. Zola ya rufe littafin da siffanta ruɓewar fuskarta filla-filla.

Dole a ba Zola haƙƙinsa. Ya nuna gardi sosai. Ya shiga da mai karatu bayan labule, ya nuna masa ƙazantar ɗakunan shiri da warin hoda da zufa, da yadda manyan mutane ke kutsawa wurin 'yan matan suna cikin sauya kaya. Ya kuma nuna cewa daular Nafoliyon na Uku ta riga ta ruɓe tun kafin Nana ta hau dandamali.

Duk da haka akwai inda littafin ya gaza, kuma gazawar babba ce. Nana ba ta cika zama mutum a hannun Zola ba. Alama ce yake amfani da ita. A cikin labarin wani ɗan jarida ya kwatanta ta da ƙudan zinariya da ya tashi daga juji yana kai cuta gidajen manya, kuma alamu sun nuna marubucin bai yi nisa da wannan ra'ayi ba. Kusan ko'ina daga kujerar ɗan kallo ake ganinta. Mai karatu ya san launin gashinta da santsin fatarta fiye da yadda ya san abin da ke ranta in ta kwanta ita kaɗai. Bugun farko na littafin kwafi 55,000 ne, kuma nan da nan ya ƙare. Ba duka waɗanda suka saya ne suka saya don jin wa'azi ba. Ashe ke nan an sayar da Nana sau biyu: mai gidan wasa ya sayar da ita ga 'yan kallo, marubuci ya sayar da ita ga masu karatu, sannan ya ɗora mata agana don kowa ya tashi da jin cewa an yi hukunci. Wannan dabara, ta a ci moriyar ganga a yada kwaurenta, ita ce babbar cutar wannan rukuni na littattafai, kuma marubuta da yawa da ba su kai Zola gwaninta ba sun gaje ta.

Yarinyar da ke bayan mutum-mutumi

Domin kada a ɗauka ƙage ne kawai, yana da kyau a dubi wani abu da ya auku a zahiri a wannan birni da wannan zamani. A 1881 mai zane Edgar Degas ya baje wani mutum-mutumi na kakin zuma, siffar wata 'yar rawar bale mai shekara 14. Sunan yarinyar Marie van Goethem. An haife ta a 1865, iyayenta talakawa ne da suka zo daga Beljiyam, uwarta wanki da guga take yi. Irin waɗannan yara ake kira ƙananan ɓeraye a babban gidan rawa na Faris. Attajiran da suka biya kuɗin kujera na shekara suna da iznin shiga zauren da 'yan rawar ke motsa jiki kafin wasa, kuma kowa ya san abin da ke kai su. Masu sharhin zamanin da suka ga mutum-mutumin sun ce wai ana ganin alamun lalacewa a fuskar yarinyar. Ba su ce komai game da fuskokin attajiran ba. A 1882 aka sallami Marie daga aiki saboda yawan fashi, daga nan tarihi ya rasa sawunta. A 2022 kuwa an yi gwanjon ɗaya daga cikin kwafin tagulla na wannan mutum-mutumi a birnin Nuyok a kan dala miliyan 41.6.

Wata marubuciya 'yar Kanada, Cathy Marie Buchanan, ta gina littafinta The Painted Girls na 2013 a kan rayuwar Marie da yayarta. Abin yabo a aikinta shi ne ta ɗauke mai karatu daga kujerar kallo ta kai shi ɗakin haya, inda ake lissafin kuɗin burodi da bashin mai gida. Da zarar an zauna a wannan ɗaki, tambayar me ya kai yarinya rawa ta amsa kanta.

Waɗanda suka taka da ƙafarsu

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littattafai biyu sun gaskata wannan, domin matan da suka rubuta su sun yi rawar da kansu.

Na farko shi ne La Vagabonde, watau mai yawon duniya, wanda Colette ta wallafa a 1910. Colette ta san gardi tun a gida. Mijinta na fari, wanda ake kira Willy, shi ya riƙa fitar da littattafanta na farko da sunansa, ya kuma sayar da haƙƙin mallakarsu. Da suka rabu a 1906 sai ta shiga gidajen wasa tana rawa da wasan bebaye don ta ci abinci. Tauraruwar littafin, Renée Néré, bazawara ce 'yar shekara 33 wadda ta gudo daga miji maci amana. Tun shafin farko a gaban madubi aka same ta, fuska cike da fenti, tana jiran a kira ta. Abubuwan da Colette ta damu da su ba su ne suka dami Zola ba. Ita sanyin ɗakin shiri take faɗa, da tarin da ke cin abokan aiki, da jirgin ƙasan asuba, da otal mai arha, da ciniki a kan ladan dare. Wani attajiri mai kirki ya nemi Renée da aure. Tana son sa, ga kuma hutu yana kiran ta. Ta tafi rangadin wasa garuruwan Faransa tana rubuto masa wasiƙu, a ƙarshe ta ƙi auren ta zaɓi tafiya Kudancin Amurka da abokin wasanta.

Mai karatu yana iya ganin wautarta, kuma littafin bai hana shi ba. Colette ba ta ɓoye cewa kaɗaici da tsufa suna jiran Renée a gaba ba. Muhimmin abu shi ne an bar ta ta yi lissafinta da kanta. Ta auna gajiyar dandamali da zaman gidan wani, ta ga a dandamali dai kuɗin da ta samu nata ne. Ba a kashe ta da cuta don a huce haushi ba, ba a kuma aurar da ita don a rufe bakin masu magana ba.

Na biyu shi ne Save Me the Waltz na Zelda Fitzgerald, wanda ya fito a Amurka a 1932. Zelda matar shahararren marubuci Scott Fitzgerald ce. Ta duƙufa ga koyon rawar bale a Faris tana da shekara 27, shekarun da masu sana'ar ke ganin an makara ƙwarai, tana yin sa'o'i da yawa kullum tana horar da jikinta. A 1930 ta samu taɓin hankali, kuma a asibiti ta rubuta littafin cikin makonni kaɗan. Tauraruwarta, Alabama Beggs, ta gaji da zama inuwar mijinta mai zane, ta shiga rawa da dukan ƙarfinta har ta samu fitowa a babban gidan wasa na birnin Naples a Italiya. Sai wani ɗan bororo ya fito mata a ƙafa. Gam ɗin takalmin rawa ya shiga ciwon, guba ta bi jini, likitoci suka yanke jijiyoyin ƙafar don su ceci ranta. Ta tashi, amma rawa ta ƙare har abada.

A nan ana ganin bambanci tsakanin agana ta Nana da bororon Alabama. Agana hukunci ce da marubuci ya ɗauko daga waje ya ɗora. Bororo kuwa daga cikin sana'ar ya fito, daga takalmin da aka ci abinci da shi. Jiki magayi, in ji Hausawa. Jarin 'yar rawa jikinta ne, jari ne kuma da ke raguwa kullum ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Littafin bai samu kasuwa ba a zamaninsa. Abin da Zelda ta samu daga cikinsa bai wuce dala 120 da 'yan kai ba. Mijinta kuma ya yi fushi don ta taɓa tarihin aurensu, wanda yake ganin kayan aikinsa ne shi kaɗai.

Rawar yunwa

In ana neman littafin da ya tuɓe wannan sana'a ya bar ta ba ado, to a nemi They Shoot Horses, Don't They? na Horace McCoy, 1935. Ma'anar sunan ita ce, ai dokin da ya karye harbe shi akan yi. Bayan karayar tattalin arzikin da ta faɗa wa Amurka a 1929, an yi yayin wata irin gasa wadda ake tara matasa maza da mata su yi ta rawa dare da rana har sai saura biyu a tsaye. A labarin McCoy an yi gasar a wani zaure a bakin teku kusa da Holiwud. Mutum bibbiyu har 144 suka shiga. Ana rawa ta sa'a 1 da minti 50, a huta minti 10, cikinsu za a yi barci da wanka da aski. Kyautar dala 1,000 ce, amma abin da ya jawo yawancinsu shi ne abinci da wurin kwana kyauta muddin suna tsaye. Da masu gasar suka ga 'yan kallo sun fara raguwa sai suka ƙirƙiro tseren dare, inda ake fitar da waɗanda suka zo ƙarshe. Suka kuma shirya ɗaurin aure a bainar jama'a don a sayar da tikiti. Har mai juna biyu akwai a cikin masu rawar. Bayan sa'a 879 aka yi harbe-harbe a zauren aka rufe gasar, aka sallami waɗanda suka rage da dala 50 kowanne. Gloria, tauraruwar labarin, wadda ta zo Holiwud neman shiga fim ba ta samu ba, ta roƙi abokin rawarta ya kashe ta, ya kuwa aikata, aka yanke masa hukuncin kisa.

Ba wanda zai karanta wannan ya ce kwaɗayin ado ko son namiji ya halaka Gloria. Babu gwaninta a rawar, babu sha'awa. Abin da 'yan kallo suka biya kuɗi su gani shi ne wa zai faɗi. McCoy namiji ne, bai kuma zama 'yar rawa ba, amma ya san inda zai zaunar da mai karatu: a tsakiyar fili, yana duban kujerun 'yan kallo. Wannan ya nuna cewa maganar ba ta jinsin marubuci ba ce kaɗai. Ta wurin zama ce.

Laknau da Alƙahira

Mai yiwuwa wani ya ce duk waɗannan al'amuran Turawa ne. To ga misalai biyu daga al'ummomin Musulmi.

A 1899 Mirza Hadi Ruswa ya wallafa Umrao Jan Ada da harshen Urdu. Masu kallon finafinan Indiya sun san labarin ta fim ɗin da aka yi a 1981, wanda Rekha ta fito a ciki. Sunan yarinyar na yanka Amiran, 'yar garin Faizabad. Ubanta ya ba da shaida a kan wani mugu a kotu, shi kuwa da ya fito daga kurkuku sai ya sace ta don ramuwa, aka sayar da ita ga wata magajiya a Laknau. A can aka koya mata karatu da waƙa da kiɗa da rawa, ta zama gwana wadda manyan gari ke alfahari da zama a majalisarta. Ruswa ya bar ta ta ba da labarinta da bakinta, tana tsohuwa, cikin hankali da barkwanci. Ba ta raina gwanintarta ba. Tana alfahari da baitocinta. Amma wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne inda ƙaddara ta mayar da ita Faizabad bayan tarzomar 1857, aka gayyace ta wasa a unguwarsu, ta gane gidansu, ta sadu da uwarta suka yi kuka. Kashegari ƙanenta ya zo da barazana, ya ce ta bar garin don ta zubar musu da mutunci. Yarinyar da aka sace ita aka ɗora wa laifin satar. Ruswa ya ƙara da wata dabara: tare da Amiran an sace wata yarinya, ita kuwa aka sayar da ita wani gida, ta ƙare matar wani basarake. Bambancin uwargida da 'yar rawa a nan bai wuce wanda ya saya ba.

Najib Mahfuz na Masar, wanda ya samu kyautar Nobel a 1988, ya dubi al'amarin ta wata kusurwa a littattafansa uku na Alƙahira, Bainal Ƙasraini da Ƙasrush Shauƙi da Sukkariyya, waɗanda suka fito a 1956 da 1957. Sayyid Ahmad Abdul Jawad ɗan kasuwa ne mai tsanani a gida. Matarsa Amina ba ta fita, kuma ranar da ta saci jiki ta ziyarci masallacin Husaini sai da ya kore ta gidan uwarta. Da dare kuwa shi ne a gidan zabiya Zubaida, yana raha yana kaɗa 'yar gangar hannu a tsakiyar 'yan amshinta, har wata rana babban ɗansa ya leƙo ya gan shi. Shekaru suka wuce. Sayyid ya tsufa cikin 'ya'ya da jikoki, ana gaishe shi da girma. Zubaida kuwa murya ta tafi, dukiya ta ƙare a hodar ibilis, ta koma zuwa kantinsa tana neman rance. Tare suka raya dare, amma ita kaɗai aka kawo wa takardar bashi. Mahfuz bai tsaya yin wa'azi a kan haka ba. Ya jera rayuwar biyu kusa da juna ya bar mai karatu ya yi hisabi.

Abin da masu ja za su ce

Akwai ƙorafi biyu da suka cancanci amsa. Na farko na masu cewa, duk wannan nazari ba wanke mai laifi ba ne? Addini da al'ada sun yi magana a kan irin wannan sana'a, me ya rage? Amsa ita ce, manazarcin adabi ba mai ba da fatawa ba ne, kuma wannan maƙala ba ta nemi a halatta abin da aka haramta ba. Abin da ta nema shi ne a cika mudu. In tsayawa a dandamali laifi ne, to zama a kujera fa? Hannu ɗaya ba ya tafi. Littafin da ya hukunta wadda aka kalla ya sallami mai kallo bai kare tarbiyya ba, mai kallon ya kare, wanda sau da yawa shi ne mai sayen littafin.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi. Shi ne cewa yawan kiran 'yar rawa kura yana iya zama wani sabon raini. Kura ba ta zaɓi wasa ba, ba ta kuma jin daɗinsa. 'Yar rawa kuwa mutum ce mai hankali, wani lokaci ita ta zaɓi sana'ar, tana son ta, tana da gwanintar da ta sha wuya kafin ta samu. Wannan gaskiya ne, kuma a nan karin maganar ya kai iyakarsa. Marubucin da ya mai da ita abar tausayi kawai, marar wayo marar zaɓi, ya ƙwace mata mutuntaka kamar yadda wanda ya mai da ita shaiɗaniya ya yi. Shi ya sa Renée ta Colette da Umrao ta Ruswa suka fi Nana rai. An bar su sun yi kuskure, sun yi alfahari, sun kuma yi magana. Saboda haka sai a ƙara tambaya ta uku a kan biyun farko: shin an bar ta ta buɗe baki?

Kammalawa

Me ya shafi ɗalibin Hausa da Faris ko Laknau? Abin da ya shafe shi shi ne al'ummarsa ma ta san wannan ciniki. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna yadda ake buƙatar maroƙi a kowane sha'ani amma ana ajiye shi a ƙasan tsani. Biki ba ya armashi sai da makaɗa da zabiya. Ana yi musu liƙi a fili, a koma gida a ce ba a haɗa zuri'a da su. Littattafai biyar na farko da suka fito daga gasar 1933, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, babu wanda ya ɗauki mace mai irin wannan sana'a a matsayin tauraruwa, kuma ba abin mamaki ba ne in aka dubi zamaninsu. Amma kayan aiki suna nan jibge. Akwai rayuwar masu kiɗan ƙwarya da amada irin su Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013 bayan ta shafe shekaru masu yawa tana raya bukukuwan mata. Akwai 'yan koroso da 'yan rawar ƙungiyoyin al'adu. Akwai kuma 'yan matan finafinan Hausa tun daga 1990, waɗanda ake sayen rawarsu da kuɗi a zage su da baki. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta kori wata fitacciyar 'yar wasa saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa, aka yi ta muhawara a kanta, ba a ji an yi muhawara a kan dubban da suka kalla ba.

Duk marubucin Hausa da zai taɓa wannan jigo yana da hanya biyu a gabansa. Mai sauƙin ita ce ya ƙawata yarinya, ya kwashe shafuka yana siffanta ta, sannan ya nemo mata cuta ko haɗarin mota a babin ƙarshe. Irin wannan littafi zai samu kasuwa, zai kuma samu yabon masu cewa yana koyar da darasi. Mai wuyar ita ce ya bi ta gida bayan an kashe fitila, ya ga nawa ya rage a hannunta bayan mai kiɗa da mai fili da dillali sun ɗauki nasu, wa take ciyarwa da shi, me likita ya ce game da gwiwarta, wa zai buɗe mata ƙofa in ta kai shekara 40. Haka kuma ɗaliban da ke zaɓen batun kundin digiri, da malaman da ke duba su, ya kamata in an zo nazarin jigon gargaɗi a irin waɗannan littattafai a riƙa tambaya: wa aka yi wa gargaɗin, wa kuma aka bari ya tafi da kuɗin?